Wai waƙar mata zalla ba ta cika kunne sai da muryar namiji?

Ɗan Auta: Salam jama'a. Jiya na kalli wasu mata su shida suna waƙa da baki kawai, ba ganga ba piyano ba komai. Muryoyin sun yi daɗi ban musa ba, amma ni ji na yi kamar gini ba tushe. In babu katuwar muryar namiji a ƙasa sai waƙar ta riƙa yawo a sama, mata zalla ba za su taɓa cika kunne ba gaskiya.

Anti Babba: Haba ƙanena, ka taɓa sauraron Sweet Honey in the Rock kuwa? Matan baƙaƙen fatar Amurka ne, Bernice Johnson Reagon ta kafa su a Washinton a 1973, ita da ta fito daga gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata. Akwai Ysaye Barnwell da ta kasance a cikinsu har zuwa 2013, ita ce ta riƙe muryar ƙasa, wlh in ta buɗe baki har ƙirjinka za ka ji. Je ka saurara tukuna sai mu yi magana.

Ɗan Auta: Na san su Anti, amma ai su ma wani lokaci suna kaɗa ƙwarya mai duwatsu a hannu. In murya ta isa me ya kawo ta?

Anti Babba: Wannan don riƙe takun waƙa ne, ba ita ke ba da kaurin ba. Kar ka haɗa biyun.

Malam: Ɗan Auta yana da gaskiya ta wani gefen fa Hajiya, halitta ce, igiyar muryar namiji ta fi tsawo da kauri shi ya sa yake sauka inda yawancin mata ba sa kaiwa. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa nan cikar take. Cika tana zuwa ne daga daidaituwa. In wata ta riƙe sauti mai karkarwa 400 a daƙiƙa, wata 500, wata 600, kunne da kansa yakan jiyo wani sauti a ƙasa wajen 100 wanda ba wadda ta rera shi. Tartini, wani mai goge ɗan Italiya, ya yi bayanin irin wannan tun ƙarni na 18. Kuma murya ta fi piyano iya wannan saboda shi an ɗaure masa sautinsa, ita kuwa mace tana iya ɗan gusawa kaɗan har ta dace da ta kusa da ita.

Uwar Biyu: Malam ka faɗi abin da na kasa faɗa. Na yi shekara uku ina waƙa da wasu mata mu takwas, ni ce ta ƙasa. Akwai ranar da muka yi ta maimaita layi ɗaya har muka gaji, mai koya mana ta ce mu matso kafaɗa da kafaɗa mu rufe ido, kowa ta rage muryarta ta saurari ta gefenta. Muna ja numfashi tare muka sake ɗauka sai kawai ɗakin ya ɗauki wani amo kamar an ƙara mutum, tsigar jikina ta tashi, ta kusa da ni hawaye take yi bakinta bai daina waƙar ba. Ba namiji ko ɗaya a wurin.

Ɗan Auta: Allah sarki Anti. To amma wannan a ɗaki ne, a waya fa ni ban ji haka ba.

Uwar Biyu: Lasifikar waya ai ko muryar namijin ma yanke ta take yi. Sa abin kunne.

Yaya: Ni ma dai ina bayan Ɗan Auta kaɗan, wasu ƙungiyoyin matan suna ɗauko waƙar da aka tsara wa maza da mata su rera yadda take, dole a ji rami a ƙasa.

Anti Babba: To ka ga laifin mai tsarawa kenan. Dubi matan Bulgeriya, su ba su ma nemi kwaikwayon maza ba, muryoyinsu matse suke kusa da juna har suna gogayya, ɗaya ta riƙe sauti guda ba motsi sauran na zagaya ta da murya mai kaifi, kuma faifansu ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy a 1990. Sweet Adelines kuma, ƙungiyar mata mawaƙa da aka kafa a Amurka, tun 1945 suke, suna rerawa da murya huɗu har da ta ƙasan.

Ɗan Auta: Na Bulgeriyan na saurara yanzu da abin kunne, sun girgiza ni ba ƙarya. Amma fa har yanzu kunnena na neman wannan kaurin. Malam wannan sauti na 100 ɗin, ta yaya zan gwada in ji shi da kaina?

Malam: Samo mutum biyu ku tsaya a ɗaki mara labule da kafet, ɗaya ya riƙe sauti kar ya motsa, ɗayan ya riƙa hawa a hankali. Ka kasa kunne ƙasa, ba sama ba.