Amalanke ko Mai Yin Komai: Wanne Za Mu Gina?

Malamin Fisiks: Salamu alaikum. Ga ra'ayina kafin mu sayi ko kusa ɗaya. Makaranta irin tamu da ba ta da kuɗin kaya, kada ta wahalar da yara da mutum-mutumi mai yin komai. A gina mai nauyi, mai ƙarfin taya, ya tare hanya ya tura abokin gaba. A tsarin VEX, gasar mutum-mutumi ta ɗalibai da za mu shiga, ƙungiya biyu ne ke haɗuwa su kara da wasu biyu, ja da shuɗi. Ɗaya ya ci maki, ɗaya ya tsare masa. Ko a langa ba kowa ne ruwa ba.

Malama mai horar da 'yan mata: Wa alaikumus salam Malam. Amalanke ke nan kake so mu gina. To a langa kai kake zaɓar 'yan gidanku. A zagayen share fage kwamfuta ce ke raba abokan ƙawance, ba ruwanta da wanda ka sani. Ranar da ta haɗa amalankenka da wani amalanken, wa zai ci makin?

Injiniya: Malama ta riga ni. Ku duba yadda ake jera ƙungiyoyi: nasara maki 2, kunnen doki 1, sannan akwai ƙarin maki 1 na daƙiƙa 15 ɗin farko da na'ura ke tafiya da kanta ba direba. A wasan High Stakes na kakar 2024 zuwa 2025, kafin a ba da wannan makin sai ƙawance ya saka zobba aƙalla uku a turaka, wato sandunan da ake zura wa zobe a ci maki, kuma babu na'urar da ta rage a kan layin farawa. Naka ya tsaya kamar an dasa shi, ka jawo wa abokinka asara.

Malamin Fisiks: Yallaɓai ai ban ce kada ya motsa ba. Layi biyar na umarnin kwamfuta ya isa ya fitar da shi. Maganata a kan minti ɗaya da daƙiƙa 45 na direba ce. Wasan da ka kawo ma shaidata ne. A filin wasan akwai kusurwar da ke ninka makin turken da aka ajiye a cikinta, akwai wadda ke ragewa. Wanda ya zauna ya tsare kusurwar ninki, zobe nawa ya ɗaga? Ko ɗaya. Amma shi ya riƙe wasan.

Injiniya: Turken da ba zobe a kansa, ninka shi sau goma, sifiri ne.

Tsohon direba: Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni na riƙe rimot. Tsaro ya fi cin maki wuyar tuƙi. Ka matse na'urar wani a bango, alƙali ya fara ƙirge, a wancan wasan kafin ya wuce biyar dole ka saki ka ja baya. In kuma aka yi karo abin ya rikice, dokar ta fi ba mai neman maki gaskiya. Na taɓa jawo mana hukunci a haka, abokan ƙawancenmu ko sallama ba su yi mana ba da aka tashi.

Malamin Fisiks: To ɗana, wannan ƙarancin atisaye ne, ba laifin dabarar ba.

Malama: Atisayen da wa za a yi? Mai tsaro sai da abokin karawa yake koyo, mu kuwa na'ura ɗaya gare mu, batirin ma sai an jira wuta. Mai ɗaga zobe ko shi kaɗai a aji zai maimaita sau hamsin. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Yarana 'yan SS1 sun yi mako uku a kan hannun ɗagawa, ya karye, suka sake lissafin giya, ya sake karyewa, a na uku ya tsaya. Da amalanke muka gina, me za su koya bayan ɗaure taya huɗu?

Malamin Fisiks: Za su koyi karanta wasa. Lokacin zaɓen ƙawance bayan zagayen share fage, waɗanda ke sama a jeri su ke kiran wanda suke so. Mai ƙarfi ba ya neman irinsa, wanda zai cike masa giɓi yake nema.

Injiniya: Wani lokaci. Sau da yawa na ɗaya na biyu yake kira, su haɗu su share kowa. Kuma kira sai an san ka. Ƙungiyoyin kirki suna zaunar da yaro da takarda a gefen fili, yana rubuta wa ya ci nawa, wa ya lalace a tsakiyar wasa. Mai tsaro ba shi da lambar da za a rubuta masa.

Tsohon direba: Sai dai a je rumfarsu a yi magana tun da safe. Mu ba mu taɓa yi ba, kunya muke ji.

Malama: Wannan kam na yarda laifinmu ne. Minti biyu kafin wasa ma ba ma tambayar abokan ƙawance ta wane gefe nasu ke farawa, sai a yi karo tun a daƙiƙa 15 ɗin.

Malamin Fisiks: To a yi gwaji. Ranar Asabar bayan Azahar ku kawo naku zuwa Gwale, zan cire hannun namu in ƙara masa nauyi. Wasa biyar, a rubuta maki.

Malama: Biyu da biyu ake yi Malam, na'urori huɗu. Biyu gare mu.

Injiniya: Akwai tsohuwa ɗaya a wurina, motarta guda ta ƙone. In wani zai shiga Sabon Gari ya duba min waya da abin laƙa, zan gwada tashinta. Ta huɗun ku nemo.