Waɗanda aka yi wa 'ya'yanku allurar HPV, ku faɗa mana abin da kuka gani

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jiya 'yata mai shekara 10 ta dawo makaranta da takardar neman izini, za a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi sau uku. Abin da ke ci mini rai shi ne, yarinyar da ko al'ada ba ta fara ba, me ya haɗa ta da cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa? Don Allah wadda aka yi wa 'yarta ta faɗa mini abin da ta gani da idonta, ban da "an ce".

Ummu Hanan: Wa'alaikumussalam. Bara aka yi wa tawa, ina tsaye a kanta. A damtsen hagu, sau ɗaya, sannan aka zaunar da su minti 15. Wata ƙawarta jiri ya ɗebe ta tsabar tsoro, aka kwantar da ita, ba a jima ba ta miƙe. Tawa hannun ya yi mata tsami kwana biyu, ko jakar makaranta ba ta yarda ta rataya ta wannan ɓangaren ba. Daga nan shi ke nan.

Anti Ungozoma: Maman Ilham, ƙanƙantar tata ita ce ribar. Allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar HPV, mai haddasa wannan sankara, ta riga ta shiga jikinta, tare hanya take yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ƙarfafawa a kan 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma tun 2022 ta ce ko sau ɗaya ta wadatar musu. HPV iri-iri ce, amma nau'i na 16 da na 18 su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Mace kan ɗauka ba ta sani ba, ko daga miji ɗaya tak, yawanci jiki ya kore ta da kansa. Wadda ta maƙale ce ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. A Ingila, waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13, an samu raguwar cutar da kusan kashi 87 cikin 100 a tsakaninsu.

Hajiya Babba: Ni yayata na yi jinya. Jini ta riƙa gani bayan ta daina al'ada, da wani ruwa mai wari, aka yi ta maganin sanyi wata da watanni. Lokacin da muka kai ga likitan mata, ya duba ya daɗe bai ɗago kai ba. Ni ke canza mata zanin gado sau uku a dare, tana kama hannuna tana ba ni haƙuri, ita da ke cikin ciwo. Wata bakwai ta yi. Jikokinta mata biyu ni na kai su da ƙafata aka yi musu.

Maman Ilham: Allahu Akbar. Allah Ya jiƙanta, Hajiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Saura maganar wai allurar tana hana haihuwa, ita ce babanta ya tsaya a kai.

Zee: Yaya, ni aka yi wa da kaina ina shekara 22, kafin bikina, sau biyu da tazarar wata shida. Kakata har kuka ta yi, wai an kashe mini mahaifa. Yanzu haka ina rubutun nan da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ɗana na biyu. Sai dai likitar ta ja kunnena cewa allurar ba ta ɗauke mini gwajin bakin mahaifa ba, in na kai 30 in je.

Maman Ilham: Na karanta wa babanta duka, ya yi shiru, sannan ya karɓi biron ya sa hannu. Anti, mura take ɗan yi, babu matsala?

Anti Ungozoma: Mura kaɗan ba ta hanawa. In dai zazzaɓi ne mai zafi, a bari ta warke. Ki tabbatar ta karya kafin ta fita.