Musayar Waƙa: Fararen Aljanu a Farin Wata

Ɗan Kurmi:
Jiya na kalli Les Sylphides a waya, rawar balen nan ta Turai. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya amsa.

Rabin awa na yi ina ta kallo,
Ban ji wanda ya ce uffan ba.
Mata cikin fari kamar balbelu,
Saurayi guda, bai zaɓi ko ɗaya ba.
Ba kishiya, ba uba mai hanawa,
Ba a ɗaura aure ba, ba a rabu ba.
In wannan ce soyayyar Turai,
Ni dai ban ga inda ta dosa ba.

'Yar Zazzau:
Yaya, ka je rafi neman garwashi,
Labarin ne Fokin na Rasha, mai tsara rawar, ya ƙi sa shi.
Saurayin mawaƙi ne irinka,
Dare ya yi, mafarki ya ɗauke shi.
Matan nan aljanun iska ne,
Farin wata ya tara su gefenshi.
Wa ke auren iska, Yaya?
Ya miƙa hannu, ta kuɓuce mishi.

A 1909 aka fara nuna ta da wannan suna a Faris. Ɗan rawa Nijinski ne ya fito a mawaƙin, Anna Pavlova da Tamara Karsavina na cikin aljanun.

Baban Gida:
Yara, kun tsaya kan masu rawa,
Kun bar mai kiɗan da ciwonsa.
Kiɗe-kiɗen, Shofan don fiyano ya yi su,
Yatsu goma, ɗaki da fitilarsa.
Bai san za a taka su a Faris ba,
Shekara 60 bayan rasuwarsa.
Ya bar Folan a 1830,
Ya mutu yana kewar ƙasarsa.
Mazurka rawar ƙauyen Folan ce,
Da ita yake kashe ƙishinsa.
Gawa na Faris, zuciyar kuwa
Yayarsa ta kai Warso ta Folan bisa wasiyyarsa.
An ƙara goge da sarewa don dandali,
Ni na fi son fiyanon shi kaɗai abinsa.

Ɗan Kurmi:
Baba, na ji, na sake kunnawa,
Na rufe ido, sai na ji kewa.
Amma ƙanwata, tambaya guda:
Tsayuwa kan yatsa, ba karyewa?

'Yar Zazzau:
Bakin takalmin ƙyalle ne da gam,
An daskarar da shi ya yi tauri.
Ciki yatsu sun sha filasta,
Kanta kan kanta, sai dai haƙuri.
Ta yi tsalle ta sauka ba ka ji dirarta ba,
Tun tana ƙarama take koyo tun fari.
Kai da rabin awa a layin mai
Ke sa ka kuka da ƙafa, Yaya, bari!