Aikin yanar ido: wai da wuta ake ƙona ta?

Ga abin da na tsinta daga wata tattaunawa da muka yi kan aikin yanar ido, tunda da yawa tsoronsu wai ƙona idon ake yi. Ba haka ba ne. Aikin fako, wato cire yana da inji, wanda Charles Kelman ya fito da shi a Amurka a 1967, wani siririn bututu ne yake karkarwa da sauri ya farfasa yanar sannan ya zuƙe ta, to karkarwar ce take kawo zafi, shi ya sa ruwa yake ta gudana ta jikin bututun yana sanyaya shi. In ruwan ya tsaya ko bututun ya toshe ne bakin ɗan yankan da aka yi wa idon zai iya ƙonewa, kuma ba kasafai ba a hannun ƙwararre.

Ma'aikatan ido da suka sa baki sun ce kar a bari yana ta ƙeƙashe, don mai tauri ta fi buƙatar ƙarfin inji. In ta riga ta yi tauri sosai gara aikin hannu, a ciro ta ɗungurungum a saka gilashin roba. Mai suga ya daidaita shi tukuna.

Masu tura yanar cikin ido da allura a ƙauye kuwa, don Allah kar a kai musu tsofaffinmu, makanta suke jawowa. Bayan aiki in ido ya yi ja da zogi, gani yana raguwa, a koma asibiti ranar.