Ina "bakwai" take, a duniya ko a cikin kai?

Assalamu alaikum. Wata tambaya ce ta hana ni sakat kusan mako guda, masu ilimin falsafa ku taimaka mini.

Ɗana ne ya jawo. Ina koya masa ƙidaya, na jera tsakuwa bakwai a ƙasa, sai ya ce, "Baba, duwatsu dai na gan su, to ina bakwai ɗin take?" Na yi dariya, amma wallahi na rasa amsa.

Na ɗan bincika. Aflatun, masanin falsafar Girka na dā, yana ganin lamba da adalci suna da samuwarsu ta kansu a wajen duniyar da ido ke gani, abin da muke gani inuwarsu ce kawai. Ɗalibinsa Aristo bai yarda ba, a wurinsa siffa irin su lamba da adalci a jikin abu take zaune. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da Aristo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a 1846 wani masanin taurari ɗan Faransa mai suna Le Verrier ya lissafa a takarda inda duniyar Neptune za ta kasance, aka saita madubin hangen nesa, aka same ta dab da wurin. In lamba ƙagen ɗan Adam ce, yaya aka yi sararin samaniya ya bi ta?

Adalci kuma ba shi da nauyi balle launi, amma ƙaramin yaro yana gane an cuce shi a rabo tun bai taɓa jin kalmar ba.

Shin hukuncinsu ɗaya ne, ko in raba lamba da adalci? Ta ina zan fara?