Waƙafi mai ruwa: a ina ake sa shi, kuma har yanzu ana buƙatarsa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman a warware mini wani abu a ƙa'idojin rubutu. Alamar nan ta ɗigo a sama da waƙafi a ƙasa, wadda a lakwal ake ce wa point-virgule, a Hausa kuma waƙafi mai ruwa, mene ne takamaiman aikinta? Wasu suna sa ta a gurbin waƙafi, wasu a gurbin ruwa biyu, akasari kuma sun bar ta sam. Akwai inda dole sai da ita, ko aya da waƙafi sun wadatar?

Malamin Hausa, Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Aikinsa biyu ne.

Na farko, haɗa jimloli biyu cikakku da ma'anarsu ta manne da juna. Misali: "Gero ya yi tsada a kasuwar Dole; dawa kuwa tana nan yadda take." Ga yadda za ka gwada. Cire alamar ka sa aya, sannan ka karanta kowane ɓangare shi kaɗai. In duka biyun sun tsaya da ƙafarsu, alamar ta zauna daidai. In ɗaya ya rataya, kuskure ne. Dubi wannan: "Idan ruwa ya sauka da wuri, za a yi shuka." Ɓangaren farko bai cika ba, mai karatu yana jiran jawabin "idan", don haka waƙafi ne wurin. Haka duk jimlar da ta fara da "da yake", "bayan da", "ko da" ko "tun da".

Yana kuma zama da kyau kafin "duk da haka" da "saboda haka", in abin da ya biyo baya jimla ce cikakkiya: "An gyara famfon tun jiya; duk da haka ruwa bai zo ba."

Na biyu, raba jeri wanda a cikinsa akwai waƙafi tuni. Nan ne ba shi da madadi. "Za a raba littattafan haka: Mirya, kwali 12; Magarya, kwali 8; Tanut, kwali 5." Mayar da su duka waƙafi ka gani, ba za a san ko 12 na Mirya ba ne ko na Magarya. Lura kuma, ruwa biyu ne ya buɗe jerin, waƙafi mai ruwa rabawa kawai ya yi. Musanya waɗannan biyun shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai. Bayan waƙafi mai ruwa da ƙaramin baƙi ake ci gaba, sai in suna ne.

Mai gyaran rubutu:
Malam, na yarda da aiki na biyu ɗari bisa ɗari. Na farkon ne nake ganin Hausa ba ta cika buƙatarsa ba, kuma wannan na cikin dalilan da yake ɓacewa. Alamar ta fito ne daga maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Benis na Italiya a ƙarshen ƙarni na 15, ta girma cikin dogayen jimlolin harsunan Turai. Mu kuwa muna da "kuwa", "kuma", "sai" da "amma", ƙananan kalmomi masu ɗinke magana da kansu. A misalinka na gero, "kuwa" ta riga ta yi aikin, ko aya aka sa ba abin da ya ragu. Abin da nake ƙi shi ne a jera jimloli huɗu ko biyar ana haɗa su da wannan alama don a nuna an yi boko mai zurfi. Fiye da ɗaya a jimla, in ba jeri ba ne, a yanka jimlar.

Sauran dalilin wayar salula ce. A yawancin wayoyi, aya da waƙafi suna fuskar farko ta allon rubutu, shi kuwa sai an shiga shafin lambobi da alamomi. Ga saƙon murya na WhatsApp ya cinye rabin abin da a da ake rubutawa.

Sakatariya, Sabon Gari:
Malamai, bari in ƙara abin da ya shafi kwamfuta, don a ofisoshinmu bai mutu ba ko kaɗan.

A madannin Faransa, wato AZERTY, shi da aya maɓalli ɗaya suke. Dannawa kai tsaye waƙafi mai ruwa take bayarwa, aya sai an haɗa da maɓallin babban baƙi. Shi ya sa ake ganinsa a ƙarshen jimla a wasu takardu, yatsa ne ya zame. A duba wannan kafin a buga takarda.

Sai tazara. Faransanci yana barin fili kafin alamar da bayanta, Word kuma in an saita shi kan Faransanci da kansa yake saka filin farkon. Littattafan Hausa da ake bugawa a Kano da Zariya manne shi suke da kalmar da ta gabata, fili ɗaya a bayansa. In rubutun Hausa kake, bi wannan, kada rabin takarda ya bi wancan.

A Excel na Faransanci kuwa dole ne. Da yake waƙafi muke sawa a lamba kamar 2,5, waƙafi mai ruwa ne yake raba abubuwan da ke cikin lissafi: =SOMME(A1;A5) yana tara gida biyu kawai, =SOMME(A1:A5) mai ruwa biyu yana tara duka biyar. Ruɗa su yana ɓata jimillar kuɗi ba tare da na'urar ta yi gargaɗi ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya, Malam: kafin "amma" fa?

Malamin Hausa, Zango:
Waƙafi ya isa: "Ya zo, amma bai same ni ba." Sai in ɓangaren farko dogo ne mai waƙafi biyu ko uku a ciki, to a nan ka sa mai ruwa kafin "amma", don mai karatu ya ga inda maganar ta juya.