Ɗana ya kai shekara biyu da rabi, har yanzu bai haɗa magana ba

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ɗana na fari yana da shekara 2 da wata 6, amma kalmomin da yake faɗa ba su wuce biyar ba. In ruwa yake so, sai ya kama bakin zanena ya ja ni har gindin randa ya nuna da yatsa. Ɗan maƙwabciyata da bai kai shi ba har "ba ni biskit" yake cewa. Surukata ta ce linzami ne, a kira wanzami ya yanke. Babansa ya ce shi ma ya yi nauyin baki yana yaro, in bari kawai. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada a kai shi wurin wanzami. Linzami kan hana wasu haruffa fita daidai, amma ba ya hana yaro tara kalmomi. Yaro mai shekara 2 ana sa ran ya kai kalmomi kusan 50, yana haɗa biyu kamar "mama zo". Ki fara da gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara yana jariri, ko kunnensa ya yi ta zubar da ruwa? Duk ki faɗa wa likita. Ki lura kuma ko yana waiwayowa in an kira sunansa, yana kallon idonki.

Maman Sadiƙ:
Anti, kunnensa ya yi ruwa sau biyu bara. Ban taɓa danganta su ba.

Maman 'Yan Biyu:
Na ga irin wannan a kan Hassana. Da muka je wurin mai koyar da magana, na zaci ita zai koya wa, ashe ni ce ɗalibar. Abu na farko da ya hana ni shi ne "ce mama, ce baba". Ya ce in durƙusa fuskata ta yi daidai da tata, in ga abin da take kallo, in ambaci sunansa. In ta nuna kofi, in riƙe shi kusa da bakina in ce "ruwa", sannan in yi shiru, in ƙirga zuwa biyar a zuciya. Shirun nan ya fi komai ba ni wuya, don na saba miƙa mata tun kafin ta nema. Ranar da ta ce "uwa", na ce "ruwa sanyi", wato in ƙara kalma ɗaya kan tata. Lokacin wanka da tuƙa tuwo muke yi, da waƙa mai maimaici. Wata huɗu ta fara haɗa biyu.

Hajiya Umma:
'Yata, ki rage masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo. Surukarki kuma ki lallaɓa ta, ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta.

Maman Sadiƙ:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Litinin za mu je insha Allahu. Maman 'Yan Biyu, in na yi shirun ya fashe da kuka fa, in ba shi ko in ci gaba da jira?

Maman 'Yan Biyu:
Ki ba shi nan take, kina cewa "ruwa". Gobe ki sake gwadawa.